Doguwa da Gajera: Nasiha ga Matasan Gareji da Tasha

Ya ku ƙannena 'yan koyon wayarin, da ku matasan direbobi na Gubuci da kewaye. Yau maganata a kan wani ɗan abu ce da tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Yana maƙale a gefen sitiyari, da yatsa biyu ake sarrafa shi: makunnin da ke sauya fitilar mota daga doguwa zuwa gajera. Yawancin kayan mota, direba da fasinjansa aka yi wa. Kujera tasu ce, rediyo nasu ne, injin ma su yake ja. Shi kuwa wannan makunni an yi shi ne domin mutumin da bai biya kuɗin mota ba, bai ma san sunan direban ba, wato wanda ke tahowa daga gaba. Shi ya sa idan ya lalace mai mota ba ya jin zafi a jikinsa, shi ya sa kuma aka fi yi masa gyaran ganganci.

Lokacin rake, lokacin hazo

Ƙasarmu ƙasar rake ce. Daga Gubuci zuwa Gazara, daga Gimi zuwa Hunƙuyi, da zarar damina ta ɗauke aka shiga sara, sai hanyoyi su cika: Kanta da lodi har sama, J5, tsofaffin 504 masu buɗaɗɗen baya, Golf da Sharon masu jigilar mutane zuwa kasuwar Maƙarfi, ga masu ɗauko tumatur da tattasai daga fadamun Kudan da Ikara. Kayan gwari ba ya shiri da rana, saboda haka tafiyar dare ake yi ko ta asuba. A daidai wannan lokaci ne kuma hazo ke sauka. Babban titin Zariya zuwa Kano tagwaye ne, amma kafin mutum ya hau shi a Tashar Yari, hanyoyinmu na ciki falle ɗaya ne. Mai zuwa da mai komawa daf da juna suke wucewa. A gefe kuma ga mai keke, ga amalanken shanu da ba ta da ko ƙyallin haske, ga makiyayi yana tsallakar da garke.

Ku zauna ku yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan doguwar fitilarka ta ɗauke wa mai tahowa gani na daƙiƙa 3 kacal, ya tafi mita 66 ke nan bai ga komai ba. Idan dattijo ne, idonsa ya fi na yaro jinkirin dawowa. Duk abin da ke cikin waɗannan mitoci, mutum ne ko dabba ko rami, sai dai Allah Ya kiyaye. Kai kuwa ka wuce abinka, ba ka ma san abin da ka bari a baya ba.

Matsalar ba ta yau ba ce. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Osram na Jamus ya fito da ƙwan fitila mai zare biyu a ciki, ɗaya na hangen nesa, ɗaya na duban ƙasa. A 1927 aka fara dasa makunnin sauyi a ƙasa, wajen ƙafar hagu, direba ya taka. Tsofaffin direbobin da suka riƙe Landiroba ta dā za su ba ku labarinsa, laka da ruwa ne ke kashe shi. Daga baya aka ɗauke shi aka kai gefen sitiyari. Can ya tsira daga laka, amma ya ƙanƙance, ya koma 'yan siraran ƙarafa cikin gidan roba. Motocin da muke neman abinci da su kuwa, irin 504 da aka harhaɗa a kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ko Golf 3 ta shekarun 1990, galibinsu sun haura shekara 20, wasu ma sun ninka haka. Makunnin da aka taɓa dubban sau a tsawon wannan lokaci, ba abin mamaki ba ne idan ya gaji.

Ka san hanyar wuta tukuna

Ƙanena mai koyo, kafin ka ɗauki sukundireba ka iya zana hanyar wuta a ƙasa da tsinke. Wuta na tasowa daga batir, ta isa babban makunnin fitila, daga nan ta shiga makunnin sauyi. A nan hanya ta rabu biyu, ɗaya zuwa zaren doguwa, ɗaya zuwa zaren gajera, kowace da fiyus ɗinta a yawancin motoci. Bayan ta haska zaren, sai ta koma batir ta wayar da aka ɗaure a jikin mota. Wannan wayar jikin rabin hanya ce, kuma ita aka fi mantawa.

Ƙwan da tsofaffin motoci da yawa ke amfani da shi sunansa H4. Ƙafa uku gare shi: ta doguwa, ta gajera, da ta jiki. Na asali a rubuce yake 60/55, wato doguwa wat 60, gajera wat 55, a kan bolt 12. Idan ka raba wat da bolt, za ka ga ƙwai biyu suna jan kusan amfiya 10 a doguwa, 9 da ɗan wani abu a gajera. Ka riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Jamusawa sun sauƙaƙa maka aiki, domin sun sa wa kowace waya lamba. A Golf da 'yan'uwanta, 30 ita ce wutar batir da ba ta ɗaukewa, 31 jikin mota, 56 wutar da ke shigowa makunnin sauyi daga babban makunni, 56a doguwa, 56b gajera. Idan ka duba jikin makunnin da kyau za ka ga lambobin a robar. Amma kada ka ɗauka duk motoci haka suke. Tsofaffin Toyota da yawa a juye suke: wuta tana zuwa ƙwan tun farko, makunnin sauyi shi ke ba da hanyar komawa jiki. Yaron da ya saba da Golf ya kai testa, wato ɗan ƙwan gwaji, can zai ga wuta a ƙafafun da bai zata ba, ya ce waya ta haɗe, alhali lafiyarta lau.

Alamomi suna magana

Da an ce fitila ba ta sauyawa, sai wani ya zabura ya kwance sitiyari. Dakata. Ka fara da tambayar mai mota: yaushe ta soma, kuma me aka taɓa kafin nan? Sannan ka kunna ka duba da idonka.

Idan gefe ɗaya ne ya mutu, ka ƙyale makunni, domin shi ɗaya ne ke ciyar da gefen biyu. Ka nemi ƙwan, ko fiyus ɗin wannan gefen, ko soket ɗin da ke bayan fitila, wanda zafi kan narkar.

Idan gajera ta mutu a duka biyun amma doguwa na ci, a nan ma kada ka yi saurin yanke hukunci. Zaren gajera ya fi shan aiki. Sau da yawa na hagu ya ƙone tun watan jiya direba bai kula ba, sai da na dama ya bi shi sannan ya zo gareji. Ka cire ƙwan ka ɗaga shi sama ka dubi zaren, ka kai testa ƙafar soket. Idan wuta na zuwa, kuɗin ƙwai biyu ne kawai a kan mai mota.

Idan duka sun mutu, amma ka ja sandar makunnin wajenka doguwa ta haska, wannan ya gaya maka abu biyu: zaren doguwa da wayar jiki lafiya suke. Hasken jan sanda yana da tasa wutar daban daga batir. To, matsalar tana baya, a babban makunni ko wayar da ke kawo masa wuta, ko kuwa a bakin shiga makunnin sauyi.

Idan fitila ta yi ja kamar ta gaji, ko zare biyu suna ci tare a raunane, ko shuɗiyar alamar da ke gaban direba tana ɗan haskawa alhali a gajera ake, ka bi wayar jiki. Ka kwance notin, ka kankare tsatsa har ƙarfe ya fito fes, ka ɗaure tam.

Alamomin da ke nuna makunnin sauyi kansa su ne waɗannan: fitila ta ɗauke gaba ɗaya a tsakanin sauyi, ko ta maƙale a doguwa ta ƙi saukowa, ko sai an girgiza sanda take kamawa, ko gindin sandar ya yi zafi, ko ka ji ƙaurin roba a wajen sitiyari. Tabbacin kuwa yana hannun testa: wuta ta shiga ta 56, amma ba ta fito ta 56a ko 56b ba yayin da kake sauyawa. Sai a lokacin ne ka sami hujjar kwance sitiyari. Duk wannan bincike da ƙaramin ƙwai da waya biyu ake yinsa. Wanda ya tsallake shi ya sa aka sayo makunni, aka ɗaura, fitila ta ƙi, ya ci kuɗin mutum kuma ya zubar da mutuncin garejin maigidansa.

Buɗewa da gyara

An gama gwaji, yanzu sai a cire kan batir na nagetif. A 504 wannan don gudun tartsatsi ne. A motocin da ke da jakar iska a sitiyari, irin 406 da wasu Golf 3, maganar ta fi haka nauyi: ka cire batir, ka ba shi 'yan mintuna, kada kuma ka kuskura ka kai testa ga wayoyin jakar, domin tana iya tashi a fuskarka. Ka miƙe tayoyi, ka yi alama a kan sitiyari da sandarsa kafin ka zare, don kada ya koma a karkace. Wayarka ta hannu ma kayan aiki ce: ka ɗauki hoton kowane mataki.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka buɗe gidan makunnin. A ciki akwai 'yan sifirin da ɗan ƙarfe mai kamar ƙwayar gero, su ke ba da ƙarar nan ta "ƙas" idan an sauya. Idan ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙasar gareji, ka yi sallama da shi.

Abin da za ka tarar ɗayan uku ne. Na farko, datti: tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare a kan kwantak, wato 'yan harsunan tagullar da ke haɗuwa su ba wuta hanya. Na biyu, ƙuna: kowane sauyi yana da ɗan tartsatsinsa, shekara da shekaru sai fuskar kwantak ta yi baƙi ta yi ramuka. Na uku, narkewa: zafi ya tausasa robar da ke riƙe da kwantak, ya nutse ciki, ya daina kaiwa ga ɗan'uwansa.

Na farko da na biyu suna gyaruwa. Ka goge datti da abin fesa na wanke kwantak, ka bi fuskar da samfefa mafi laushi, sannu a hankali, don ƙuna kake son cirewa ba naman ƙarfen ba. Ka busar, ka ɗan shafa giris sabo a inda roba ke gogar roba, ka mayar da sifirin yadda hoton ya nuna. Kafin ka ɗaura a mota, ka gwada da mita ko testa, ka sauya sau da yawa ka tabbata yana kamawa kowane lokaci.

Na uku ba ya gyaruwa, kada ka yaudari kanka. Cusa ashana ko takarda a bayan kwantak don ya taso zai yi aikin kwana biyu, ya mutu a tsakiyar daji, ko ya kama da wuta a ƙarƙashin hannun direba. Sai dai a sake. Idan za a sayo, a Sabon Garin Zariya ne, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka tafi da tsohon a hannu. Ka ƙirga ƙafafun soket, ka gwada lambar jiki da lambar jiki, ka sa mita a kansa kafin a biya kuɗi. Sau da yawa ɗan Beljiyam na asali mai lafiya ya fi sabo mai sheƙi da aka yi da siririn ƙarfe. Araha ba ta ado.

Me ya ƙona shi?

Nan ne ake gane gwani. Wanda ya sake makunni bai tambayi abin da ya kashe na farko ba, ya shirya wa sabon kabari ne.

Ku tuna amfiya 10 ɗin nan. A tsofaffin motoci da yawa, har da Golf 3, duk wutar fitila ta cikin wannan ɗan makunni take bi, kuma daidai ƙwai 60/55 aka auna shi. Sai direba ya ga fitilarsa ba ta haske, ya je ya sayo mai 100/90. Ƙwai biyu na wat 100 suna jan fiye da amfiya 16. Zafin da ke taruwa a kwantak kuwa ba daidai da ƙarin wutar yake hawa ba, ya fi haka: idan wuta ta ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa. Abin ya yi kama da a ɗaura wa babban injin ban-ruwa siririn tiyo, ruwan da ke isa gona bai ƙaru da yawa ba, tiyon ne ke fashewa. Idan fiyus ya yi aikinsa ya tsinke, sai a naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin taba. Daga ranar nan makunni da wayoyin mota su ne fiyus, kuma su ba tsinkewa suke yi ba, kamawa suke yi.

Gaskiyar magana ita ce, yawanci ba ƙwan ne ya kasa ba, wutar ce ba ta isa gare shi. Ka tayar da mota, ka auna kan batir: lafiyayyen caji yana tsakanin bolt 13.8 da 14.4. Sannan ka auna a ƙafar ƙwai yana ci. Bambancin da ka gani, shi ne abin da ya zube a hanya, a tsofaffin wayoyi da soket masu tsatsa. Ƙwai irin wannan idan wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa kusan kashi 30 yake raguwa. Ashe maganin duhun shi ne a gyara hanya.

Hanyar gyarawa ita ce rile, biyu, ɗaya na doguwa ɗaya na gajera. Shi ma da lambobinsa: 30 daga batir da waya mai kauri, da fiyus a kusa da batir ɗin, 87 zuwa ƙwai, 86 daga tsohuwar wayar makunni, 85 zuwa jiki. Da an yi haka, makunnin sitiyari ya huta, domin abin da zai riƙa ɗauka bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba, aikinsa kawai ya ba rile umarni. Wuta kuma ta sami gajeriyar hanya mai faɗi. Ƙwan asali da aka raina sai ya yi fari tas. Ka haɗa wayoyin da dalma ko maƙalai na kirki, kada ka murɗa da hannu ka naɗe da salatif. Ka ɗaure rilen inda ruwa ba ya taruwa, ƙafafunsa suna kallon ƙasa. Idan kuma ƙwai na yawan ƙonewa, ka duba ko caji ya wuce kima, kuma ka daina kama gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

"Haɗa min kai tsaye"

Yanzu ga jarrabawar da za ta same ka, ba ko shakka. Magariba ta yi, direba ya shigo a gaggauce, ya girme ka nesa ba kusa ba, ya ce: "Kai yaro, bar wannan dogon bincike. Haɗa min doguwar kai tsaye in tafi, lodi na jira na." Aikin minti biyar ne, kuɗin a hannu.

Abin da yake nema ka yi shi ne ka cire wa motar ikon sauke fitila gaba ɗaya. Daga daren nan duk wanda ya haɗu da ita, daga nan har Kano, sai ta makantar da shi, kuma hannunka na ciki. Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana daga cikin imani. To ina ga wanda ya ɗora abin cutarwar da hannunsa, har aka biya shi lada?

Ba sai ka yi rashin kunya ba. Ka ce: "Baba, ka yi haƙuri. In dai ɗaya za a bari daren nan, gajera zan bar maka, da fiyus ɗinta da makunninta. Ka tafi a hankali, gobe in Allah Ya kai mu ka dawo a gyara gaba ɗaya." Mota mai gajera kaɗai tana tilasta wa direbanta rage gudu, nauyin yana kansa. Mota mai doguwa kaɗai ta ɗora nauyin a kan bayin Allah da ba su ji ba su gani ba. Idan ya ƙi, ka bar shi ya tafi wani wuri, arzikinka ba a hannunsa yake ba. Idan kuwa maigidanka ne ya ce a yi, kada ka yi masa gardama a gaban mai mota. Ka bari sai an natsu, ka kawo maganar cikin ladabi, a matsayin tambaya. Yawancin iyayen gidanku sun san gaskiyar nan, matsin masu mota ne ke kai su.

Saiti rabin gyara ne

Makunni na iya zama lafiya, amma gajera ta riƙa dukan ido kamar doguwa, saboda fitilar sama take kallo. Kada mota ta bar hannunka sai ka yi mata saiti. Ka nemi fili mai daidai da bango, ka tsayar da ita mita 10 daga bangon, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bangon da gawayi. Layin saman hasken gajera ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10 zuwa 12. Motoci da yawa an rubuta musu adadin a jikin fitila, 1% ko 1.2%. Ka tuna kuma motocinmu ba sa tafiya wayam. Idan aka danƙara wa bayan Golf buhuna ta zauna, hancinta sama yake ɗagawa, fitilar ma haka. Idan tana da abin sauke fitila daga ciki, ka nuna wa direba amfaninsa.

Ka lura da wani abu kuma. Hasken gajera ba daidai yake ba, an yi shi ya ɗan haura a gefe ɗaya don ya haska bakin hanya. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, don haka fitilarmu dama take haurawa. Fitilar da aka ciro daga motar Ingila ko Japan, inda ake bin hagu, hagu take haurawa, wato cikin idon mai tahowa. Irin wannan ba ta saituwa, sai a sake ta. Haka ƙwan H4 da aka cusa a karkace, ko farin ƙwan LED na araha da aka sa a gidan da ba nasa ba: haske ya watsu ko'ina, direba yana murna, jama'a na kuka. Ku ma masu babura da ke ɗaura fitilar nan mai kashe ido, maganar ta haɗa da ku.

Ku kuma direbobi

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai wayarin ba ya haɗa kai tsaye sai an roƙe shi. Kafin a fara lodi, tun da sauran rana, ka fuskanci bango ka gwada doguwa da gajera, ka tabbata ido biyu na ci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mota mai ido ɗaya, mai tahowa babur yake ɗaukarta, ya ba ta hanyar babur. Ka goge gilashin fitila, ƙurar hanya kaɗai tana cinye haske mai yawa.

A kan hanya, ka sauke tun ka hango hasken mutum a bayan tudu ko kwana, kada ka jira sai ya roƙe ka. Ka sauke idan kana bin bayan wani, domin madubinsa cikin idonsa yake zuba haskenka. Ka sauke wa mai keke da mai tafiya a ƙasa, su ma idanu gare su. Ka sauke a cikin gari. A cikin hazo doguwa ba ta ƙara maka komai, ƙurar ce ke dawo maka da hasken, gajera da rage gudu su ne dabara. Idan wani ya ƙi sauke maka, ka yi masa alama sau ɗaya, ka rage gudu, ka mai da idonka ga bakin hanya na dama. Kada ka rama. Ramuwa a nan ma'anarta makafi biyu sun tunkari juna da gudu, kowanne da rayuka a bayansa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya tare ka a kan fitila mara kyau, amma jami'anta ba sa tsaye a hanyar Gubuci da ƙarfe biyun dare. A can, daga kai sai Wanda Ya halicce ka.

Abin da nake so ku riƙe

Sana'ar wayarin aikinta a ɓoye yake. Mai fenti kowa na ganin aikinsa, naka kuwa yana bayan roba, mai mota ba zai taɓa buɗewa ya duba ba. Saboda haka amana ce zalla. Ka bincika kafin ka kwance. Ka gaya wa mai mota gaskiyar abin da ya lalace, ko da ƙaramin abu ne da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka miƙa masa tsohon kayan da ka cire. Ka nemi sanadin ƙuna ka toshe shi. Ka sayi mita tun kana yaron gareji, ka riƙe littafi kana zana wayoyin kowace mota da ta ratsa hannunka, domin motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ce ke sarrafa fitilunsu, kuma wanda bai iya bin hanyar wuta a 504 ba, ba zai iya a kansu ba. Mutanen karkara ba sa mantawa: garejin da aka san fitilarsa ba ta dawowa, direbobi da kansu za su yi masa talla a tasha.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya sa ku gama da iyayen gidanku lafiya, Ya kai matafiya gidajensu cikin aminci. Amin.